Farin Wada a Tabarmar Ciyayya

A unguwarmu ta Wurno har yanzu muna ciyayya. Na san a wurare da dama abin ya mutu, kowa ya shige ɗaki da kularsa da cokalinsa, amma mu wannan wayewar ba ta iso mu ba tukuna. Da an sallame magariba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, don nan ne ke da daɓe, kowane gida ya fito da kwanonsa, a wanke hannu, a zauna bibbiyu ko uku-uku. Doka ɗaya ce, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗe ta da baki ba: ba a maganar wa ya kawo me, ba a maganar wa ya ci nawa. Kowa ya san kwanon kowa, har lanƙwasar murfinsa, amma da an buɗe ya zama na tabarma. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da kimiyya tsakanin Rabah da Goronyo, na karanta tsare-tsaren ciyar da jama'a iri-iri a littattafai, ban ga wanda ya kai wannan wayo ba, ga shi ba shi da kwamiti balle sakatare.

A ƙarshen tabarma, wajen da katanga ta yi kwana, mutum biyu ke zama, kuma tun kafin in yi ritaya in dawo gida nan ne wurinsu. Ɗaya Alhaji ne, manomin albasa da tafarnuwa, ɗan tsurut, gemunsa fari fat, ga zafin rai. In ya yi fushi har hularsa rawa take yi. Ɗayan Direba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan motar haya tsakanin Wurno da Sakkwato, ya san kowane rami na hanyar Achida kamar shi ya haƙa shi. Taubasai ne, uban Alhaji da uwar Direba ciki ɗaya suka fito, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma har yau ba a yanke hukuncin wane ne ubangidan ba. Shekara ɗaya aka yi musu kaciya. Amma wanda bai sani ba ba zai yarda ba, don Direba ƙato ne, fatarsa na sheƙi, furfurarsa sai an nema. An taɓa yi wa Alhaji barka a kasuwar Achida da samun ɗa mai biyayya, da aka ga Direba na riƙe masa buhu. Alhaji bai sake zuwa rumfar wanda ya yi barkar ba.

Abin da kowa ya sani kuma ba a faɗa shi ne, matar Direba ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa maza suna can kudu, ba kowa a gidan sai yayarsa, tsohuwa mai ciwon ido, wadda ke tuƙa abin da ta iya in ta iya. Kwanonsa ɗan ƙarami ne, sau da yawa tuwon jiya ne aka ɗumama. Na Alhaji kuwa langa ce babba, don matarsa Hajiya ba ta san girki kaɗan ba: tuwon shinkafa malmala huɗu, miyar sure da kifin Goronyo, man shanu na yawo a sama. Sukan fara da na Direba, don a ba shi haƙƙinsa, sannan a buɗe langa, kuma kullum a suɗe take komawa gida, tas. In ka cire langar nan daga ranar Direba, ka cire duk abin kirkin da zai ci a ranar. Tabarma ce ke rufa masa asiri, ta kuwa rufa shi da kyau, har ya fi mu duka ƙiba.

Taurari sun shigo maganar ne ta hanyar ɗiyata ta uku. Ita ce ta ɗauki son kimiyya a wurina ta wuce da shi inda ban kai ba, har tana digiri na uku a kan taurari. Da ta zo hutun babbar salla na zaci za ta riƙa fita tsakar gida tana ɗaga kai sama. Ko sau ɗaya ban ga ta yi ba. Da hantsi take buɗe kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, ta yi ta kallon ɗige-ɗige da layuka, uwarta na wucewa tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai karatun taurari da rana tsaka ba. Sai na jawo kujera na ce ta koya mini, kuma ta bi ni a hankali, yadda nake bin 'yan aji ɗaya.

Ta ce akwai taurarin da ke dunƙule wuri guda kamar curin dawo, dubu ɗaruruwa a curi ɗaya, kuma duk na cikin curi sa'annin juna ne, lokaci ɗaya aka haife su, shekaru fiye da biliyan goma da suka wuce. Tauraro kuwa, in ji ta, gwargwadon girmansa gwargwadon gaggawarsa: manya masu zafi, waɗanda haskensu ke bugawa shuɗi, su ke fara cinye man da ke cikinsu su mutu, a bar ƙanana jajaye masu tattali suna ci a hankali. Don haka a tsohon curi bai kamata a ga shuɗi ko ɗaya ba, kamar yadda bai kamata ka shiga taron 'yan fansho ka tarar da mai buga ƙwallo ba. Amma ana ganinsu. 'Yan kaɗan ne, shuɗɗa, masu haske, suna zaune cikin tsofaffi kamar ba tare aka haife su ba.

"To daga ina sunka hito?" na ce.

"Ba su hito daga ko'ina ba, Baba. Tsoffi na su ma. Ƙari sunka samu."

Ta ce wasu karo taurari biyu suka yi suka haɗe, don cikin curi akwai cunkoso. Wasu kuma, su ne ma aikinta, suna da abokin zama da suke zagaya juna, sai kayan jikin abokin ya riƙa kwarara zuwa gare su, su yi nauyi, su yi zafi, su koma shuɗi kamar sabbin haihuwa. Abokin kuwa ba abin da ke rage masa sai ƙwayar cikinsa, ɗan mitsitsi wanda bai wuce duniyarmu girma ba, fari, mai tsananin zafi, yana hucewa a hankali. Shi suke kira farin wada. Wahalar aikin ita ce hasken shuɗin ya danne shi, ba a ganinsa, sai an duba da na'urar hangen nesa da ke can sama da iska, da irin hasken da ya wuce shuɗi, wanda idon mutum ba ya kamawa. In aka ga hasken nan ya fi abin da shuɗin zai iya bayarwa shi kaɗai, to akwai wada a gefensa. In kuma wadan na da zafi sosai, ba a daɗe da gama kwashe shi ba, a lissafinsu na masu taurari, inda shekara miliyoyi ke zaman shekaranjiya.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Tsohon malami in ya samu sabon darasi ba ya iya riƙe shi, ni kuwa aji ɗaya ya rage mini a duniya. Ran da ta koma makaranta, bayan an buɗe kwanoni, na ba tabarma labarin curi da shuɗi da wada daki-daki, har da zana da'ira biyu a ƙasa da tsinken sakace. An saurara fiye da yadda aka saba, don yawanci in na fara kimiyya sai kowa ya tuna yana da tari. Wani ya tambaya ko ɗiyar tawa za ta iya faɗin ranar da ruwan shuka zai sauka, na ce nata taurarin ba su san da damina ba. Ya ce to a nuna masa curin. Na ce da ido sai dai ya ga ɗan dusu-dusu kamar tabon toka, in ma ya gani, shuɗin da wadan kuwa sai na'ura. Ya ce wato karatun abin da ba a gani, kuma ba ya kawo ruwa. Na ce haka ne. Ya yi mata addu'ar samun sa'a.

A cikinmu akwai dillalin shanu, Bafulatani daga wajen Rara da ya daɗe da zama Wurno, mutumin da bai taɓa barin magana ta wuce shi ba tare da ya taɓa ta ba. Ya tauna lomarsa, ya haɗiye, ya ce:

"Malam, tsaya in gane. Sa'anni na, ko?"

"Sa'anni na."

"Guda ƙato, shina sheƙi awa yaro. Guda ɗan mitsitsi, hwari, ga zahi."

"Haka tac ce."

"Kuma kullum suna tare, abin wanga na tahiya cikin wancan."

"Haka na."

"To mi yak kai ɗiyarka ga wahalar na'ura? Ta zo nan da magariba ta dubi ƙarshen tabarma."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi kafin a tuna bai kamata ba. Wani har ya ƙware da miya. Direba ma ya yi, da loma a hannu, don shi mutum ne da ke dariya tukuna ya tambayi dalili daga baya. Alhaji ne bai yi ba. Ya dubi gefensa na langa, inda aka ɗan ƙwaƙule kamar ɓera ya gwada ya fasa, ya dubi gefen Direba, inda aka riga aka kai ƙasa har fenti ya fito. Na tabbata ya shekara arba'in yana ganin haka, amma ran nan ne aka nuna masa shi da bayanin kimiyya.

"Wa aw wadan?" ya ce.

"Alhaji, maganar taurari aka," in ji ni.

"Na ji. Wa aw wadan?"

Direba ya ce, "Haba bawana, ci tuwonka, in ba ka ci in taimake ka."

Kowace rana ta Allah yana faɗin haka, kuma kowace rana Alhaji na amsa masa da cewa bawan kirki sai ubangida ya tashi yake ci. Ran nan sai ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ashe taimakona kaka yi. Shekara da shekaru ana kwasata ana zuba ma wani, har na'ura ta gani daga sama, ni da ke zaune ban gani ba." Ya rufe langa da sauran tuwo a ciki, ya ɗauka da hannunsa, ya tafi. Ban taɓa ganin an ɗauke kwano daga tabarma kafin a suɗe shi ba.

Washegari langa ba ta fito ba, Alhaji ma bai fito ba. Direba ya zo da ɗan kwanonsa ya zauna inda ya saba. Muka ce ya matso cikinmu, ya matso, amma abin ya riga ya lalace: an ambaci ci, kuma mutumin da aka ambaci cinsa ba ya iya miƙa hannu kamar da. Ya yi 'yar loma a kwanon gidana, ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu. Mu ma duk muka zama masu kunya, kowa na lura da hannunsa, tuwo na saura a kwanoni kamar gidan makoki. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara cewa ya ci a gida. Mun san abin da ke gidan. Daga baya ya daina fitowa, sai a masallaci muke ganinsa, riga ta fara yi masa yawa a kafaɗa, furfurar da ake nema ta fara zuwa da kanta. Matata ta gwada aika masa da kwano gida, ya mayar da godiya, ya ce shi lafiyarsa lau. A tabarma abinci ne, in an aika gida ya zama sadaka, ya kuwa san bambancin.

Na same shi wata rana bayan azahar a tasha, inda tsofaffin direbobi ke zama kan benci suna gyara wa matasa tuƙi da baki. Na ce tabarma na kewarsa.

"Malam, in tambaye ka. Shi shuɗin nan, ya san shina ci ma wani?"

Na ce tauraro ba ya sanin komai, iska ce mai zafi kawai.

"To ya huta. Ni na sani. Tun dauri na sani, shi ma ya sani, kowa ya sani. Ba a dai hwaɗi ba sai yanzu."

Sannan ya tambaya ko gaskiya ne Hajiya ta yi dambu shekaranjiya, don ya ji ƙamshi da ya bi ta bayan gidan. Na ce ban sani ba. Ya ce da zogale ne, kuma albasar ta ɗan yi yawa.

Dillali ya ji nauyin abin, ya je ya ba Alhaji haƙuri. Alhaji ya ce ai bai yi laifi ba, gaskiya ya faɗa, masu gaskiya kuwa sun yi ƙaranci a garin nan. Wannan ya fi zagi ciwo. Dillali ya dawo ya ce shi ya fita.

Ni kuma na yi abin da malami ke yi in darasi ya kawo matsala, na koma wurin mai littafi. Na buga wa ɗiyata waya na ce mata taurarinta sun raba zumunci a Wurno. Da ta gama dariya ta ce ai labarin yana da sauran rabi. Ba shuɗin ke sata ba. Wadan nan shi ne babba tun asali, shi ya fi nauyi, shi ya sa ya riga tsufa. Da tsufa ya zo masa sai ya kumbura, ya yi girman da ba zai iya riƙe kayansa ba, abin da ya fi ƙarfinsa ya zube wa na kusa. Ko da ba abokin, zubarwa zai yi a sarari ya tafi a banza, ya kuma ƙare a wada ko ta yaya. Abokin tara hannu kawai ya yi. Ta ƙara da cewa shuɗin ma ba wata riba ya ci ba, don ƙarin da ya samu zai sa ya ƙone da wuri. Wannan na bar shi a waya, ban ga wanda zai amfana da shi a unguwa ba.

Na sa babbar riga na nufi gonar Alhaji da hantsi, na same shi a fadama yana duba yadda ake ban ruwa. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana murza ganyen albasa.

"Wato ni ab babba."

"Tauraron dai, Alhaji."

"Na san ni ab babba, ba sai an aza na'ura ba. Shi ya san haka?"

"Sai ka hwaɗa mai da bakinka, ga tabarma."

"In kumbura, in zube, shi tara hannu. Malam, wanga bayani naka ya hi na farko cin mutunci. Dauri wada nike, yanzu na koma wada mai zawo."

Na dawo gida da kimiyyata a aljihu.

Abin da ban sani ba, sai daga baya matata ta riƙa kawo mini shi guntu-guntu daga cikin gida, shi ne Alhaji na cikin halin da ya kusa fin na Direba. Ranar farko da ya ce a kai masa abinci ɗaki, Hajiya ta cika langa kamar kullum, don iyakar saninta mijinta mutum ne mai cin malmala huɗu ya suɗe. Langa ta fito da uku da rabi. Ta ce fushi ne. Washegari haka, wanshekare haka. Ta canza miya, ta yi ta guro, wato kuɓewa, ta yi ta kuka da kaza, ta yi dambu, langa na fitowa kamar an buɗe an gaishe ta an rufe. Sai hankalinta ya tashi. Mutumin da ya saba cin abincin ƙarti uku, rana ɗaya ya koma cin na jinjiri, ai ba lafiya ba. Ta kira babban ɗansu, aka sa Alhaji a mota yana faɗa, aka kai shi asibiti Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce bai ga komai ba, dattijo ne mai ƙaramin ciki, da ma kowa zai samu irin lafiyarsa. Hajiya ta ce likitan yaro ne. Aka dawo aka shiga na gida: jiƙon saiwa mai ɗaci da safe, rubutu da rana, maganin shawara, da wani maganin buɗe ciki na kanti mai ƙamshin lemo. Sannan ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta riƙa zama a gabansa har sai ya ci, tana rakiyar kowace loma da ido.

Mafita ɗaya ce gare shi, ya gaya mata cewa tun ranar da aka kawo ta gidan bai taɓa wuce rabin malmala ba. Wannan kuwa ba magana ce da ake gaya wa mace irin Hajiya ba, wadda duk unguwa ta san da langarta, wadda in mata na kukan miji ya raina girki takan ce ita dai Allah bai jarabce ta da wannan ba. Sai ya zaɓi ci. An ce ana jin nishinsa ta katanga. Na gan shi a masallaci yana ruku'u da dabara, kamar mai ɗauke da tulu a cike. Bai yi ƙiba ba ko kaɗan, abincin shiga yake ya rasa wurin zama.

Matata ce ta fasa abin, ba da niyya ba. Ta je dubiya, Hajiya na ba ta labarin ciwon, tana cewa abin da ya fi damunta ma ya daina magana a kan girki. Da, in ya dawo daga tabarma, sai ya ce miyar yau ta ji kalwa daidai, ko kifin nan na dam ne ba na tafki ba, ko a ɗan rage kanwa. Yanzu in ta tambaye shi yaya miya sai ya ce miya ce. Matata, wadda ta yi shekaru tana jin muryoyin tabarma ta zaure, ta ce, "Ai wagga duk maganar Direba ta, Hajiya. Shi ka hwaɗin a rage kanwa." Ta ce mini tana rufe baki ta so ta mayar da maganar ciki.

Matata ta fara neman takalmi. Sai Hajiya ta ce a kira mata ni.

Na je bayan la'asar na tsaya a zaure, ita tana daga bayan ƙofa. Alhaji na zaune gefe a kan buzu, ya ƙura wa bango ido.

"Malam, ina wuni," ta ce. "An ce ɗiyarka na da na'ura mai gane wanda yac ci da wanda anka ci ma."

"Ta taurari ta, Hajiya."

"To ni ban da na'ura, kai za ni tambaya, ƙohwar gidanka aka zama. Tuwon da nika tuƙawa shekara da shekaru, cikin wa shika zuwa?"

Na dubi Alhaji. Alhaji ya ci gaba da nazarin bango. Na ce a tabarma ba a lura da wannan.

"Ba a lura, amma an lura har anka yi dariya. Alhaji, kai nika tambaya yanzu. Ranar da kac ce miyar sure ta hi ta gidan biki, kai kac ci ko labari anka ba ka?"

"Na ɗanɗana," in ji Alhaji.

"Ka ɗanɗana."

"Kullum ina ɗanɗanawa. Wurin zubawa na ban da, ke ma kin ji likita."

"Likita yaro na, amma ya hi ka gaskiya. Ka bari na sha hayaƙi shekara arba'in ina cewa mijina nika ciyarwa. Ka bari anka kai ka Sakkwato anka ɗebe maka jini. Ka sha saiwa. Duk don kar ka buɗe baki."

"Cewa za ki yi na raina."

"Da ka raina da ba ka raina ba, yanzu wa za ya gaya min in kanwa ta yi yawa? Kai?"

Alhaji ya gyara zama a kan buzu.

Na zaci daga nan za ta ce ta huta, ta koma tuƙa rabin malmala. Da ni ne haka zan yi, lissafi ma haka ya nuna. Amma Hajiya ba lissafi take yi ba. Ta ce ita ba ta iya girkin mutum ɗaya ba balle na rabin mutum, kuma ba a shekarunta za ta koya ba. Ta ce an bar bawan Allah da yunwa, ɗan'uwan Alhaji na jini, saboda maganar dillali da taurarin da ba wanda ya taɓa gani, ita kuma an bar ta tana dafa wa wanda bai san abin da ya ci ba. Ta ce yau langa za ta fita, kuma ba aike za a yi ba.

Alhaji ya ce shi ba zai je ya roƙi bawansa ba.

"To zauna," in ji ta. "Malmala huɗu nit tuƙa, ga kujerata nan."

Da aka sallame magariba, muna cikin shimfiɗa tabarmi, sai ga Alhaji da langa a hannu. Ya wuce mu ko kallo, ya nufi gidan Direba. Ni da dillali muka bi shi daga nesa, wai don kar a yi faɗa, gaskiyar kuwa ba mai son a ba shi labari. Ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama da ƙarfi kamar wanda ya zo kama ɓarawo. Direba ya fito, ya dubi langa, ya kau da kai.

"Tashi mu tai," in ji Alhaji.

"Na ci."

"Ƙarya kaka yi, wuyanka awa na zalɓe."

"In na ci a ce na kwashe ka."

"Kwashe ni. Don girman Allah kwashe ni. Matar ga kashe ni za ta yi da tuwo, bawana. Jiya da ƙyar nit tashi daga sujada."

Direba ya jingina da ƙofa. Na ga yana so, ƙamshin man shanu ya riga ya isa gare shi, maƙogwaronsa na motsi. Amma a gaban mutane aka taɓa shi, kuma a gaban mutane yake so a gyara.

"Ka hwaɗi ga tabarma, kowa shi ji."

"In ce mi?"

"Ka ce kai kaz zo neman taimako. Ka ce aiki nika yi maka."

"Aiki ai na bawa na."

"To tai da langarka."

Alhaji ya juya kamar zai tafi, ya ɗan taka, ya tuna abin da ke jiransa a gida, ya dawo.

Tare suka zo, Alhaji a gaba da langa, Direba a baya da ɗan kwanonsa, don ya ƙi fitowa hannu rabbana. Alhaji ya tsaya a bakin tabarma ya ce, "Jama'a, ku shaida, ni niz zo neman wanga mutum shi taimake ni, don cikina ƙarami na, likita ya hwaɗi. Wanda yas sake maganar tauraro nan wurin, ni da shi." Ya faɗi wannan yana kallona, ko da yake ga dillali a kusa. Muka ce mun shaida. Aka fara da ɗan kwanon Direba, ɗumamen tuwon dawa ne, Alhaji ya yi loma ya ce ya yi daɗi. Sannan aka buɗe langa. Direba ya yi bismilla ya fara a hankali kamar baƙo, mu kuma duk muka sami abin kallo a wani gefen. Can sai muka ji ya ce, ba da kowa yake ba, "Hannunta ya canza. Tonka ta yi kaɗan."

"Don ni anka rage," in ji Alhaji.

"To a mai da."

Saƙon ya isa. Tun daga ranar Hajiya ta daina bi ta kan mijinta, takan aiko a tambayi Direba kai tsaye abin da yake sha'awa gobe, shi kuwa mutum ne da abincin tasha ya koya wa cin yaji. Miyar langa yanzu ja ce wur, in an buɗe har na tsakiyar tabarma sai sun yi atishawa. Alhaji kan tsinci gefen malmala inda miya ba ta kai ba, ya sha ruwa, ya share hawaye, ya ce an ƙwace masa gida yana zaune. In ya koma, in ji matata, Hajiya na ajiye masa 'yar fura a ƙoƙo, daidai cikinsa.